Kwalejin Barewa: Waiwaye a Kan Tarihinta da Al'adunta

Gabatarwa

Duk wanda ya ɗauki tarihin ilmin boko a Arewacin Nijeriya da niyyar nazari, ko ya so ko ya ƙi, sai ya bi ta ƙofar Kwalejin Barewa ta Zariya. Galibi idan aka ambaci wannan makaranta abin da ake fara kawowa shi ne jerin manyan mutanen da ta yaye, a ce ga Firayim Minista, ga Firimiya, ga shugabannin ƙasa, daga nan sai a tafa a tashi. A wannan maƙala muna so mu wuce nan kaɗan. Za mu duba yadda aka kafa ta, da garuruwan da ta zauna, da kuma al'adun da ɗalibanta suka gada daga juna. Ra'ayin da za mu bi shi ne cewa Turawa sun kawo waɗannan al'adu ne daga makarantun kwana na 'ya'yan manya da ke Ingila, amma abin da ya sa suka kama ƙasa a nan shi ne sun tarar da danginsu a cikin zaman Bahaushe, watau girmama na gaba, da zaman unguwa, da laƙabi. Za mu kuma taɓa abin da ya fi shafarmu a wannan sashe, wato alaƙar makarantar da rubutaccen adabin Hausa.

Mafari a Katsina

Makarantar boko ta farko da gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe a ƙasar Hausa ita ce ta Nasarawa a Kano, a shekarar 1909, a ƙarƙashin Hanns Vischer, Baturen nan da Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa. Gidansa yana nan a Kano har yau, ana kiransa Gidan Ɗan Hausa. Tsarin Vischer shi ne a fara koyar da yaro da Hausa a rubutun boko, Turanci ya biyo baya. Daga Nasarawa aka riƙa buɗe makarantun lardi a manyan garuruwa, sai matsalar malamai ta taso. Turawan ilmi kaɗan ne, kuma hukuma ba ta son ɗauko malamai daga Kudu waɗanda suka fito daga makarantun mishan, don gudun saɓa alkawarin da aka yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addini ba.

Wannan buƙata ce ta haifi Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. An fara karatu a cikinta a 1921, sa'an nan Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. A jawabinsa na wannan rana ya nuna cewa makaranta ce ta horar da samari Musulmi waɗanda za su koma su koyar da 'ya'yan Musulmi. Dalilan zaɓen Katsina ba ɓoyayyu ba ne. Gari ne da ya yi suna da malanta tun zamanin da, hasumiyar Gobarau ma shaida ce. Sarkinta na lokacin, Muhammadu Dikko, mutum ne mai sha'awar abubuwan zamani, kuma suna ɗasawa da Turawa. Bayan haka Katsina ba ta kan hanyar jirgin ƙasa, saboda haka a ganin hukuma ɗalibai za su yi nesa da jaridun Ikko da hayaniyar siyasarta.

Ginin kwalejin na ƙasa ne, irin na magina Hausawa, da soraye masu bakan gizo da katanga mai kauri wadda ke riƙe sanyi a lokacin bazara. Yana nan tsaye a cikin birnin Katsina, an mai da shi gidan adana kayan tarihi. Duk ɗalibin da ya samu zarafi ya kamata ya shiga ya ga ƙanƙantar wurin da idonsa, domin ƙanƙantar nan tana da bayani, kamar yadda za mu gani a gaba.

Zuwa kwalejin ma kansa aiki ne. Ɗalibin da aka ɗauka daga Lardin Sakkwato, wanda a wancan zamani ya haɗa har da ƙasar Zamfara, da ƙafa yake tafiya. Ahmadu Raɓah, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, ya shiga a 1926 ya fita a 1931, kuma ya ba da labarin cewa tafiyar takan ɗauke su kimanin mako guda. Daga Gusau an samu Malam Yahaya Gusau, wanda ya yi karatu a Katsina, ya yi aikin koyarwa, daga bisani ya zama Kwamishinan Tarayya a zamanin Janar Gowon.

Ƙaura da Sauyin Suna

Makarantar ba ta daɗe a matsayin ta horon malamai zalla ba. Wajen 1930, sa'ad da aka sake tsarin ilmi aka mai da makarantun lardi Midil, sai aka ɗaga darajarta ta zama Babbar Kwalejin Katsina, aka faɗaɗa karatun domin a samu waɗanda za su shiga aikin asibiti da na gona da na injiniya. A 1938 aka tashe ta zuwa Kaduna, hedkwatar Lardunan Arewa, ta koma Kwalejin Kaduna. Zaman Kaduna bai yi daɗi ba, domin ana zuwa ba da jimawa ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, soja suka karɓe sababbin gine-ginen, aka tura ɗalibai wasu gidaje na wucin gadi. A cikin wannan hali Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi nasu karatun. A 1949 aka kawo ta mazauninta na yanzu a Zariya, a kan hanyar Gaskiya. An kira ta Makarantar Sakandare ta Zariya, aka kira ta Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sai a 1971 ta karɓi sunan Barewa, dabbar da ke kan tambarinta.

Sunan ya dace da bakin Hausawa, domin da an ambace shi sai karin maganar nan ta faɗo a rai, cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taken makarantar kuwa da Larabci yake, "Man jada wajada", ma'ana wanda ya yi ƙoƙari zai samu. Mai karatu ya lura: makaranta ce da Turawa suka kafa, ake karatu da Turanci, amma sunanta na Hausa, takenta na Larabci. Harsunan nan uku su ne duwatsun murhun da aka dafa ɗan bokon Arewa a kansu.

Lamba

A cikin al'adun Barewa babu wadda ta kai lamba muhimmanci. Kowane ɗalibi ranar da aka rubuta sunansa a rajista akan ba shi lamba, kuma lissafin bai taɓa komawa farko ba, duk da ƙaura biyu da sauyin suna. Tun daga mutum na ɗaya a Katsina ake ta ƙirgawa. Tsofaffin ɗalibai sukan sa harafin B a gaban lambar su rubuta ta bayan sunansu, kamar yadda wani zai rubuta digirinsa. Sardauna shi ne B87. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya shiga a 1928, shi ne B145. Shehu Shagari B394, Yakubu Gowon B783, Murtala Muhammad B941.

Rajista da lamba abin ofis ne, Bature ya kawo shi don sauƙin lissafi. Amma da ya faɗo hannun mutanen da a wurinsu wanda ya riga ka haihuwa ko da kwana ɗaya ne yayanka ne, sai lamba ta zama shekarun haihuwa na biyu. Idan tsofaffin ɗalibai biyu suka haɗu ba su san juna ba, abin da za a fara tambaya ita ce lamba, kuma mai ƙaramar lamba shi ne babba, ko da kuwa ɗayan ya fi shi muƙami ko dukiya. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a makarantar allo, inda ƙolo ke bin titibiri, titibiri ke bin gardi. A ganina wannan ne ya sa al'adar ta rayu shekara ɗari ba tare da wata doka ta tilasta ta ba.

Sai dai lambar tana faɗin wani abu da masu alfahari da ita ba su cika son tsayawa a kansa ba. Mu yi lissafi. Idan wanda ya shiga a 1941 lambarsa 394 ce, to ke nan a cikin shekara ashirin ɗaliban da suka taɓa shiga makarantar ba su cika ɗari huɗu ba, watau kimanin mutum ashirin a kowace shekara. Ƙidayar 1931 kuwa ta ba Lardunan Arewa mutum fiye da miliyan 11. Kuma a mafi yawan wannan lokaci ita ce kaɗai makarantar gwamnati mai wannan matsayi a Arewa baki ɗaya. A Ikko an buɗe makarantar sakandare ta mishan tun 1859, gwamnati kuma ta buɗe Kwalejin Sarki a 1909. Saboda haka in an ce Barewa ta yaye shugabannin ƙasa har biyar, watau Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa, gaskiya ne, kuma abin yabo ne. Amma rabin dalilin shi ne ƙofar ɗaya ce, kuma ƙunci gare ta. Duk wanda zai yi wani abu a Arewa da ilmin boko ta nan zai bi, domin babu wata. Mata kuwa ba su cikin lissafin ko kaɗan. Giɓin ilmin da Arewa ta shiga 'yancin kai da shi a 1960 yana rubuce a cikin waɗannan ƙananan lambobi.

Kada kuma a ɗauka zumuncin lamba ya hana saɓani. A 1939 aka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai a Kaduna, wadda masana tarihin siyasa ke lissafawa cikin tarurrukan farko na 'yan bokon Arewa, amma da siyasar jam'iyyu ta zo sai 'yan makaranta ɗaya suka rabu. Sardauna ya jagoranci NPC, Malam Aminu Kano ya jagoranci NEPU. A zaɓen 1979 Shagari da Aminu Kano suka nemi kujera ɗaya. A juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 an kashe B87 da B145, tare da Birgediya Zakariya Maimalari wanda shi ma ɗan makarantar ne. Gowon ya hau mulki a watan Agusta na wannan shekara, kuma wanda ya gaje shi bayan juyin mulkin Yuli 1975 ƙanensa ne a lamba.

Gidaje

Ɗaliban Barewa a gidaje suke kwana, kowane gida da sunansa da shugabansa daga cikin manyan ɗalibai, da malamin da ke lura da shi. Wannan ma tsarin Ingila ne, amma ga yaron da ya fito daga gari mai unguwanni da masu unguwa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Gida ke shiga gasar wasanni, gida ke cin kofin tsabta, gida ke jin kunya in ɗansa ya yi laifi. Hikimar tsarin ita ce ba a raba ɗalibai bisa lardi. Ɗan Borno da ɗan Ilori da ɗan Zamfara sukan kwana ɗaki ɗaya shekara da shekaru, kuma harshen da ya haɗa su a tsakar gida, bayan an fito daga aji, Hausa ce.

Sunayen gidajen abin nazari ne ga ɗalibin Hausa. Akwai Lugard da Clifford, gwamnoni. Akwai Bienemann da Mort, Turawan da suka yi wa makarantar aiki, kuma Mort ne ya shugabance ta sa'ad da ta tashi daga Katsina. Akwai Ɗan Hausa da Malam Smith, kuma a nan ya kamata mu dakata. Waɗannan biyu Turawa ne, Vischer da magajinsa a shugabancin ilmin Arewa, Urling Smith, amma ba a sa wa gidajen sunayensu na yanka ba, sai laƙabin da Hausawa suka ba su. Bahaushe ba ya ba baƙo laƙabi sai ya zauna da shi ya san halinsa, kuma kiran Bature "Malam" shigar da shi ne cikin wani aji da al'umma ta riga ta san darajarsa. Sa'an nan akwai sunayen 'yan ƙasa: Nagwamatse da Bello Kagara, malamai na zamanin Katsina, Ja'afaru, Sarkin Zazzau wanda a zamaninsa makarantar ta sauka a Zariya, da Sulaimanu Barau, tsohon ɗalibin Katsina wanda ya yi koyarwa kafin ya zama Sarkin Abuja a 1944, garin da yau ake kira Suleja. Wanda ya bi waɗannan sunaye ɗaya bayan ɗaya ya karanta tarihin mulkin En'e a taƙaice: gwamna, da jami'in ilmi, da malami, da sarki.

Ƙwallon Bango

Turawan Katsina sun ɗauki wasa da muhimmanci daidai da karatu. An yi kurket da hoki da ƙwallon ƙafa da guje-guje. Amma wasan da ya zama tambarin 'yan kwaleji shi ne ƙwallon bango da ake kira fayif, wanda asalinsa daga makarantar Eton ta Ingila yake, kuma ana danganta shigowarsa Arewa da wani malami mai suna Hogben. Mutum biyu-biyu ke yinsa a fili mai bango uku, da hannu ake bugun ƙwallon, a nan ƙasar kuma da ƙwallon tanis. Sardauna gwaninsa ne tun yana ɗalibi, bai kuma daina ba har yana Firimiya. Daga Katsina tsofaffin ɗalibai suka kai shi makarantun Midil da suka je koyarwa, shi ya sa har yau ake ganin filayensa a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi da Zariya. Abin dariya a nan shi ne wasan da a ƙasarsa ta asali na 'ya'yan masu hali ne ƙalilan, a ƙasar Hausa ya samu masu kallo da tafi.

Turanci a Aji, Hausa a Takarda

Kwalejin Katsina ta yi suna wajen koyar da Turanci, musamman furuci. An matsa wa ɗalibai su faɗi kalma yadda mutumin Ingila ke faɗinta, kuma muryar Tafawa Ɓalewa da ta burge majalisar Ikko da ta Ɗinkin Duniya a nan aka goge ta. Mutum zai yi zaton makarantar da ta juya wa tsarin Vischer baya haka za ta fitar da mutanen da suka raina harshensu. Abin da ya faru ya saɓa wa wannan zato.

A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. A cikin littattafai biyar da aka buga daga wannan gasa, aƙalla uku daga hannun mutanen Kwalejin Katsina suka fito. Abubakar Imam, wanda ya gama a 1932 yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara, malami a kwalejin, ya rubuta Ganɗoki. Tafawa Ɓalewa, yana koyarwa a Bauchi, ya rubuta Shaihu Umar. Imam ya ci gaba ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a watan Janairu 1939. Ta fannin waƙa akwai Sa'adu Zungur, mai Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, wanda shi ma ta Katsina ya bi kafin ya tafi Yaba. Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kaduna yake tsara wasannin kwaikwayo da Hausa masu sukar zalunci da ha'inci. Shagari kuwa da yake malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya don koyar da yara labarin ƙasa da tarihi.

Me ya kawo haka? Abu na farko, waɗannan mutane ba da hannu wofi suka je kwaleji ba. Kusan dukansu sun yi karatun allo, wasu sun yi nisa a littattafan Larabci, Imam da Bello Kagara ma 'ya'yan alƙali ne. Sun san tatsuniya da labaran dare da waƙoƙin malaman jihadi tun a gida. Abin da kwaleji ta ƙara musu shi ne sanin cewa ana iya zama a ƙagi labari a rubuta shi a littafi don a karanta a ji daɗi, da kuma ƙwarewa a rubutun boko. Abu na biyu, aikin da aka horar da su don shi ne ya tilasta musu. Malami ya koma Midil ko Elementare ya tarar da yara sun iya karatu amma babu abin karantawa, to wa zai rubuta in ba shi ba? Abu na uku shi ne wanda muka ambata a baya, watau zaman gida. Ɗalibin da ya shekara biyar yana jin Sakkwatanci da Katsinanci da Kananci da Hausar 'yan Borno a tsakar gida ɗaya ya fi kowa sanin wace kalma ce kowa zai gane. Ina ganin duk mai binciken yadda daidaitacciyar Hausa ta samu ya kamata ya sa wannan zama cikin lissafinsa, kada ya tsaya ga takardun kwamitoci kawai. Da makarantar ta dawo Zariya a 1949 kuwa sai ta sauka a maƙwabtaka da Kamfanin Gaskiya, inda ake buga littattafan tsofaffin ɗalibanta.

Zaman Zariya ya kuma buɗe ƙofar da jawabin Clifford ya rufe. Gowon Kirista ne, a Wusasa ya tashi, ya shiga a 1950, ya kuma yi fice a wasanni da shugabancin ɗalibai. Makarantar da aka gina don Musulmi kaɗai ta zama ta 'yan Arewa duka.

Makarantar Kwana a Yau

Duk al'adun da muka bayyana, in aka ɗebe lamba, a kan abu guda suka dogara, shi ne kwana a makaranta. Gida da shugaban gida, da wasan yamma, da cuɗanyar karin harshe, babu wanda zai yiwu ga ɗalibin da ke zuwa da safe ya koma gidan iyayensa da azahar. Makarantun gwamnati na kwana da aka buɗe daga baya a Gusau da Kwatarkwashi da sauran garuruwan Zamfara wannan tsari suka ara, da gidajensu da monitocinsu da gasarsu.

Barewa, wadda yanzu take hannun gwamnatin Jihar Kaduna, ta cika shekara ɗari a 2021. A watan Disamba na 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina. A watan Fabrairu 2021 aka shiga kwalejin kimiyya ta Kagara a Jihar Neja, garin da aka haifi Abubakar Imam, garin da sunansa ke kan ɗaya daga cikin gidajen Barewa. A ranar 26 ga wannan wata aka ɗauke 'yan mata daga makarantar Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 a farkon Maris. Dukan ukun makarantun kwana ne, kuma da dare aka shige su. Bayan abin da ya faru a Jangebe gwamnatin Zamfara ta ba da umurnin rufe makarantun kwana na jihar, jihohi maƙwabta ma suka ɗauki irin wannan mataki a yankunan da abin ya shafa. Uban da a shekarun 1920 ya saki ɗansa ya taka daga Sakkwato zuwa Katsina da ƙafa ta cikin daji, jikokinsa a 2021 sun kasa barin nasu 'ya'yan su kwana a makarantar da ke bayan gari.